Ɗigon Jan Farcen Inna

Auta: Alo, Yaya? Salamu alaikum.

Yaya: Wa alaikassalam. Sai yanzu ka ga damar ɗauka.

Auta: Ina cikin mota ne. Ina kwana? Kin tashi lafiya?

Yaya: Lafiya.

Auta: Ya maigidan? Ya yara?

Yaya: Suna nan ƙalau.

Auta: Ya Baba? Ya kwana da jikin?

Yaya: Da sauƙi. Ƙarfe goma zai shigo shago kamar kullum. Ka gama gaisuwar?

Auta: To, me kuma na yi da sassafen nan?

Yaya: Wa ya taɓa injin niƙan gahawa?

Auta: Alo? Muryarki tana yankewa.

Yaya: Ba abin da ya yanke, kana ji na sarai. Wa ya taɓa shi?

Auta: Ni ne. Jiya na ɗan matse shi saboda sabon injin esfireso. Shagon ai namu ne mu biyu, ko sai na nemi izini?

Yaya: Ka ɗan matse shi. Tun safe nake zuba ruwa a takardar tace gahawa, ruwan ya tsaya cak, ya ƙi sauka. Ɗan abin da ya ɗigo kuwa, ɗaci kamar maganin zazzaɓi.

Auta: Ai dole. Esfireso garin luƙwi yake so, mai laushi kamar fulawa, injin ya danna ruwan zafi ta ciki da ƙarfi, cikin rabin minti an gama. Ta tacewa kuwa ɓarji take so, kamar yashi, ruwa ya sauka da kansa a hankali. In kika zuba mai laushi a takarda...

Yaya: Ni kake koya wa? Ina tace gahawa a shagon nan kana yawo ba wando.

Auta: Shi ya sa muke nan inda muke. Masu zuwa ofis ba su da minti huɗun tsayawa kallon ɗigo. Ɗan ƙarami suke so, mai kauri, da kumfa a kai, su kurɓe su wuce. Taki ruwa-ruwa ce, ta tsofaffi.

Yaya: Naka kuma kurɓi biyu, kamar maganin tari. Mutum bai zauna ba ya ƙare.

Auta: To ki mayar da injin kan lambarsa mana, ki ƙyale ni. Abin faɗa ne wannan?

Yaya: Wace lamba? Lambobin sun goge tun kana firamare. Ɗigon jan farce Inna ta yi a jikin murɗin, daidai inda take tsayar da shi. Shekara talatin a nan yake. Ina ɗigon?

Auta: Ɗigon... wato...

Yaya: Yanzu kam layin ya yanke, ko?

Auta: Ina ji. Na ɗauka datti ne. Na goge injin gaba ɗaya da sifirit, na kankare wurin.

Yaya: Ka kankare.

Auta: Wallahi ban sani ba, Yaya. Ba wanda ya taɓa gaya mini.

Yaya: Da ka taɓa buɗe shago da safe ko sau ɗaya, da ka sani. Kai dai ka iya sayo inji mai ƙyalli. Ka san Baba ya manta sunana? Rannan ce mini ya yi baiwar Allah. Amma kullum in ya kurɓi kofinsa, sai ya kalli ƙofar kicin ya ce, uwarku ta iya gahawa. Shekara biyu da rasuwarta, shi a wurinsa tana ciki tana aiki. Da wannan kofin yake wuni lafiya.

Auta: Ki gwada murɗawa hagu, kamar sau biyu.

Yaya: Sau biyar na gwada. Ɗaya salam, ɗaya ɗaci, sauran ba su da kan gado. Sau nawa ka murɗa?

Auta: Ban ƙirga ba. To ki haɗa masa esfireso ki ƙara ruwan zafi, ki cika kofin. Launi ɗaya ne, ba zai gane ba.

Yaya: Ba zai gane ba? Mahaifin naka kake so in yi wa wayo da ruwan zafi? Kai, Auta, ban taɓa jin haushinka kamar yau ba.

Auta: Ke ma ai wayon kike masa kullum.

Yaya: Maimaita.

Auta: A'a, ba haka nake nufi ba. Bari in sauka in juyo, mu gwada tare kafin goma.

Yaya: Ka makara, ga shi nan ya shigo. Sannu da zuwa, Baba. Zauna nan bakin taga, ga kujerarka. Ga shi, da zafi, a hankali.

Auta: Wanne kika ba shi?

Yaya: Na biyar ɗin. Yi mini shiru.

Auta: Ya sha? Yaya, ya sha?

Yaya: Ya kurɓa. Ya ajiye. Ya ture kofin.

Auta: Me ya ce?

Yaya: Ya ce wannan ba hannunta ba ne. Ya miƙe, ya nufi kicin yana kiran sunanta. Sai ka zo ka gaya masa inda take.

Auta: Yaya, tsaya. Alo? Alo, Yaya?