Rahoton Akwatin Wuta

Ofosuwaa, mai duba haɗin lantarki a gidaje, tana jiran motar Ejisu ta cika a tashar Kejetia, sai dattijon da ke gefenta ya leƙa takardunta.

"'Yata, ashe ku ne masu hana mutane tarewa a gidajensu?"

"Baba, wanda ya haɗa waya daidai bai san da mu ba."

"A kan ɗan akwatin wuta! In kin ga kuskure, ki raɗa wa mai gida mana. Dole sai kin rubuta?"

"Na sha raɗawa. Ina juya baya ake mayar da murfi."

"Ni shekara tara ke nan da na ɗaure fis ɗina da waya, ga ni garau."

"Wa ke kwana kusa da akwatin?"

"Jikokina." Sai ya harzuƙa. "Da gidan danginki ne, ai da kin kau da kai!"

Ta zaro takardar farko. "Wannan gidan kawuna ne, shi ya riƙe ni tun daga yaye. Ɗazu ya ce kada in ƙara taka ƙofarsa."

"Kuma za ki kai?"

"Ofis na nufa yanzu. Gara ya yi ta fushi da ni yana raye."