Sunan da Uwa Ba Ta Kamawa

A tashar Batsari, motar Safana ta ƙi cika. Malam Almustapha, mai fataucin wake daga Wagini, ya hango rubutu a bayan hoton da tsohuwar da ke gefensa ta riƙe, sai ya karanta.

"Immanuwel. Inna, wannan wane irin suna ne?"

"Na ɗan farina ne. Mu Kirista ne. Ma'anarsa, Allah yana tare da mu."

"Ai Allah na tare da kowa."

"Haka ne. Amma tsohon da ya raɗa masa ya ce ba mutum ne ya ƙago shi ba. Sunan Almasihu ne, an saukar wa Annabi Ishaya tun kafin a haifi Almasihun. Ya ce akwai asiri a ciki, wanda ya kira shi cikin tsanani ba zai rasa amsa ba."

"Kin taɓa gwadawa?"

"Ka san uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Ko a coci aka zo kansa cikin waƙa, shiru nake yi. Shekara talatin 'kai wane' nake ce masa."

"Yanzu yana ina?"

"'Yan bindiga sun ɗauke shi a gona, lokacin kaka. Na bi su har bakin rafi, na ajiye kunya, na ƙwala masa kira da sunansa. Bai waiwayo ba. Bai taɓa jin sunan a bakina ba."

Malam Almustapha ya sunkuyar da kai. "Ashe ba a amsa ba."

"Ɗana ne bai ji ba, Malam. Mai sunan na asali ya ji. Shi nake jira."