Kantar Manga da Aka Yi Mini Alkawari

"Idan Allah Ya kai mu ranar da za a buɗe kantar manga a ɗakin karatun nan, Anti ce za ta zaɓa mana littattafan farko, ba kowa ba." Maigirma Shugaba, ka gane maganar? Taka ce. A kan wannan tebur ka faɗe ta bara, kana riƙe da kofin shayi, jama'a suna tafi.

Assalamu alaikum. Maigirma Shugaban ƙungiyarmu ta masu karatu, Malama Sakatariya, dattawan da suka kafa ɗakin nan tun yana garejin mota, babban baƙonmu Likitan haƙori wanda aka ajiye wa kujera mai hannu, iyaye, ƙanne da 'ya'ya, ina gaishe ku baki ɗaya. Ina godiya da aka ba ni dama, ko da yake sai da aka gama rabon lemo aka tuna da ni.

Ga wanda bai san zancen ba, manga littattafan labari ne na ƙasar Japan, waɗanda ake ba da labarinsu da zane. Ni ma baƙuwarsu ce, shekarata guda da su. Amma da aka ɗora mini nauyin, na ɗauke shi da gaske. Na yi aro, na karanta, na canja tabarau. Ina dawowa daga jinyar ƙanwata sai na tarar kantar mangar ta cika, an yanka kirtani, an ɗauki hoto, Dokta yana tsakiya yana murmushi da haƙoransa masu kyau. Shi ya zaɓa. Dalili? Wai ya taɓa tafiye-tafiye.

To, bari in gaya muku yadda baƙo yake zaɓen manga, tunda ba a tambaye ni ba.

Na farko, a fara daga farko. Labarin manga yakan zo a jere, littafi bayan littafi, wani ya haura arba'in. Mai hankali, idan sabon shiga ne, yana neman gajere wanda marubucinsa ya riga ya kammala, ya sayi na ɗaya, ya ɗanɗana, in ya yi masa daɗi ya ci gaba. Me Dokta ya kawo mana? Na bakwai, na takwas, da na goma sha biyar, daga wani dogon labarin mai takobi da ke neman wanda ya kashe malaminsa. Na tambaye shi ina na ɗaya. Ya ce, "Anti, ai waɗannan bangonsu ya fi kyau, ja ne duka, sun dace da labule." Labule, jama'a! Don labule muka tara kanta?

Na biyu, ba a sayen manga don bango. A buɗe tsakiya, a rufe maganganun da yatsa, a bi zanen kaɗai. Idan ka gane wa ke fushi, wa ke ƙarya, wa ke ɓoye hawaye, to mai zanen ya iya aikinsa. Idan kuwa shafi uku ana ihu ana sara, ba ka san hannun wa aka sare ba, ajiye shi. A kuma duba alamar shekaru da ke jikin bango, domin zane ba ya nufin na yara. Tela na nan zaune, ya ɗauki ɗaya ya kai wa jikarsa, ya dawo da shi washegari cikin baƙar leda. Baba Tela, ƙarya nake?

Na uku, kuma nan ne zuciyata ta fi tafasa. Manga daga dama ake buɗe shi, inda muke kira baya nan ne gabansa. Dokta bai gaya wa kowa ba, ina jin shi ma bai sani ba. Sakatariya, baiwar Allah, ta zauna ta buga hatimin ƙungiya a bangon hagu, ta manna takardar aro a can, kamar yadda take yi wa kowane littafi. Saboda haka duk wanda ya ara, daga ƙarshe yake farawa. Direban motar makaranta ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Anti, wannan labari akwai abin mamaki, mutum ya mutu a shafin farko, can gaba sai ga shi yana cin abinci." Wata biyu mutane suna karanta labari da baya, suna yaba hikimar Japanawa.

Na ga wasu suna raɗa, suna cewa Anti kishi take yi. E, kishi nake yi, a rubuta a bayanin taro. Ni na share ɗakin nan lokacin da ɓeraye ne kaɗai masu karatunsa. Ni na ɗauko kantar ɗakina na kawo, har yau tabon fitilata yana jikinta. Amma abin da ya fi ci mini rai yana cikin gidana. 'Yata, ga ta can a layin baya tana sunkuyar da kai, tun tana ƙarama nake miƙa mata littafi tana hamma. Ranar nan na shiga ɗakinta na same ta kwance da jan littafin nan, abinci ya huce a gefe, ba ta ma ji shigowata ba. Na ce, "Wa ya ba ki?" Ta ce, "Mama, Dokta ne ya ce zai yi mini daɗi. Shi ya san littafi." Shi ya san littafi! Ni da na raine ta a tsakanin littattafai, ni da nake da guda uku a ƙarƙashin gado, gajeru, kammalallu, na ware mata su ina jiran ranar buɗe kanta in miƙa mata da hannuna. Wannan ranar aka ƙwace mini, Shugaba, kuma kai ka bayar da ita.

Ga abin da nake nema. A mayar mini da zaɓen kantar kamar yadda ka yi alkawari, a gyara hatimin, a sa alama a kan kowane littafi cewa daga nan ake farawa. Dokta ya ci gaba da zuwa, muna maraba da shi, ya yi aro kamar kowa.

Na ba ku zuwa Asabar mai zuwa, kafin a buɗe taro. In ba a yi ba, ku sani dogon labarin nan na mai takobi na nemo shi na karanta shi kaf, har littafin ƙarshe, don haushi kawai. Na san wanda ya kashe malamin. Zan tsaya a nan inda nake tsaye, in karɓi lasifikar nan, in faɗi sunansa da dalilinsa, sannan in kira mai turin kura ya ɗauke mini kantata. Direba, kar ka toshe kunne tun yanzu, kana da sati guda ka lallashi Shugaba.

Allah Ya albarkaci wannan ƙungiya, Ya ƙara wa 'ya'yanmu son karatu, Ya ba shugabanninmu ikon tuna abin da bakinsu ya furta, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.