Ƙararrawar Saturnino

Eulalia: Alo? Waye? Yi magana ƙasa-ƙasa.

Fermin: Gwaggo, ni ne, Fermin. Ina kwana?

Eulalia: A'a, ɗan Saturnino! Lafiya lau. Ka tashi lafiya? Ya gonar inabi?

Fermin: Tana nan.

Eulalia: Ya tarin babanka? Ya sha miyar tafarnuwar da na aiko?

Fermin: Ya sha rabi jiya. Gwaggo, kina ina? Tun ƙarfe bakwai nake kiran mutane, gida goma, ba wanda ya ɗauka.

Eulalia: Ina za su ɗauka? Duk garin muna dandali. 'Yan fim sun karɓe wayoyi sun zuba a kwando, wai shekara ɗari huɗu da suka wuce ba waya. Ni tawa na cusa a cikin siket. Kai, da ka gan ni! Baƙin tsumma har ƙasa, kamar hankaka.

Fermin: Gwaggo, ina so in...

Eulalia: Me? Layin na yankewa. Yau fa ranar dariya ce. Ka tuna littafin nan na makaranta, na mayaudarin da yunwa ta koya wa dabara?

Fermin: Ban kai ajin ba.

Eulalia: To yau zai kwanta a akwatin gawa, abokinsa na karɓar sadaka, can sai ya miƙo hannu ya zare tsiren alade daga aljihun fadan coci. Mu ne masu kuka. Har albasa aka raba mana. Sau shida muna binne ɗan banzan nan!

Fermin: Kin ji ƙararrawar coci da safe?

Eulalia: Wa bai ji ba? Bugu uku, na mutuwar namiji. Sati biyu ke nan 'yan fim na kashe mana namiji kullum. Ranar farko tsohuwa Casilda ta fito da takalmi ɗaya tana tambayar wa ya tafi. Yanzu ko kare ba ya ɗaga kai. Amma mai bugun yau ɗin bai iya ba. Darakta har jifa ya yi da hula, wai an ɓata masa sauti.

Fermin: Ni na buga.

Eulalia: Kai? Sun ɗauke ka aiki? Ka ga abin da nake faɗa wa babanka...

Fermin: Ba su ɗauke ni ba.

Eulalia: To me ya kai ka... Fermin. Fermin, ba ni babanka.

Fermin: Na kai masa kofi da asuba. Yana kwance ta gefen taga, hannunsa ƙarƙashin kunci, kamar mai sauraren wani abu a cikin matashi. Na ce Baba, kofi zai huce. Ya huce, Gwaggo.

Eulalia: A'a. A'a, ka kira likita! Barci ne, Satur nauyin barci gare shi tun yana yaro.

Fermin: Likita ya zo daga can gari, ya rubuta takardarsa ya tafi. Sai na hau hasumiyar coci na buga, yadda aka yi wa Kaka. Na dawo na buɗe ƙofa duka biyu, na jera kujeru a zaure. Na zauna. Awa uku. Rana ce kaɗai ta shigo, ta zo har ƙafar gadonsa ta tsaya.

Eulalia: Wayyo Maryamu mai tsarki. Na ji. Da kunnena na ji, na yi dariya.

Fermin: Ban iya ɗaure masa nakatai a wuya ba. Shi yake ɗaure min.

Eulalia: Bar shi, ni zan ɗaure. Kada ka taɓa komai. Saurara, koma ka hau.

Fermin: Za su ce fim ne.

Eulalia: Ina tsakiyarsu, zan gaya musu da bakina. Buga a hankali, ka bar kowane bugu ya mutu kafin ka sake. Kana ji na?

Fermin: Gwaggo, wa ke ihu haka?

Eulalia: Sun gan ni da waya. Kai, ɗan nan, sauke akwatin gawar nan na banza! Casilda! Jama'a, ku yar da albasar nan, na gaske ne! Cika min hannu, malam, na ce cika ni, ƙanena ne ya...

Fermin: Gwaggo? Alo? Gwaggo?