Tsarabar Badagiri

A tashar Kawo, ana jiran motar Zariya ta cika, wani dattijo ya dubi kwalbar da matashin akawun da ke gefensa ya rungume.

"Samari, zamzam ne?"

"Ruwan teku ne, Baba. Daga Badagiri nake. Inna ce ta ce in ɗebo mata, za ta shafa a gwiwa."

"Me ake yi a can?"

"Hutawa. Kowa kwance kan rairayi a gindin kwakwa, ba mai gaggawa."

"Madalla, ƙarin albashin nan na Udoji ya yi rana. Ka bar rairayi a Kogin Kaduna ka je ka kwanta a na wasu. Ka shiga ruwan?"

"Har wuya!"

"Jarumi! Ɗiga mini in ɗanɗana."

Dattijon ya lashi tafinsa.

"Ikon Allah. Tekun naku gishirinsa ya ƙare ne?"

"Baba, igiyar ruwan ta fi motar nan tsayi, ga ruri. A famfon masauki na cika."

"Ashe har wuyan a banɗaki ne."

"Don Allah rage murya."

"Ga mai gishiri can, hanzarta kafin mota ta cika. Gwiwar Inna ba za ta gane ba, amma harshenta zai gane."