An yi wa Kawuna allurar wani a Guangzhou

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, ina gaishe ki da masu sauraro. Sunana Nasiru, ɗan Fagge, ina harkar tufafi a Guangzhou.

Kawuna Alhaji Sabo ya zo sarin kaya, sai shanyewar ɓarin jiki ta same shi a kasuwar Baima. Da asibiti suka sallame shi, likita ya ce bai isa hawa jirgi ba tukuna, muka kai shi wani gidan kula da tsofaffi a unguwar Baiyun. A can akwai wani dattijo mutumin Maraɗi mai ciwon suga. Su biyu ne kaɗai baƙar fata.

Ranar Juma'a na kai wa Kawu kunu, na tarar da shi sharkaf da gumi, yana karkarwa, bai ma gane ni ba. Ashe allurar sugan mutumin Maraɗin aka yi masa! Na tambayi ma'aikaciyar da ta yi allurar yadda aka yi haka. Wallahi ko kunya babu, ta ce, "Laoban," wato maigida, "ai kamarsu ɗaya." Kawu dogo ne siriri, wancan gajere mai gemu! Ga sunan Kawu ɗaure a hannunsa, dubawa ce kawai ba ta yi ba. Tir da irin wannan aiki.

An ƙara masa ruwa, Allah ya sa ya farfaɗo. Amma yanzu da ya hango allura sai ya ɓoye hannu yana hawaye.

Jama'a, ku sa a karanta sunan majinyacinku kafin a ba shi magani. Malama, in kai ƙara ne, ko in ɗauke Kawu daga gidan kawai? Ina gaida abokaina 'yan kasuwar Kwari.