Kwamfutar Ofishinmu da Kujerar Nadiya

Shugabar Ƙungiyar Dattawan Bakin Tafki, Uwargida Lorraine Petryk, mai girma magajin gari, 'yan kwamiti, matan kicin da ƙamshin kofinsu ya hana mu nutsuwa, 'yan uwa maza da mata, ina gaishe ku gaba ɗaya.

Yau Asabar, na tashi gwiwoyina suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ƙirjin ma sai a hankali. Amma ku dube ni, har da kwat! Rabona da kwat ɗin nan tun jana'izar matata. Na gode da kuka amince mini, ni Orest, tsohon da ya yi makaranta zamanin tawada da alƙalami, in haɗa wa ofishinku kwamfuta mai sauƙin kuɗi. Ga ta can a lulluɓe, ba a taɓa kunna ta ba, domin na roƙi a jira 'yata Nadiya ta zo daga Winnipeg ta danna da hannunta. Kujerar nan ta gaba da na ɗora wa hulata, tata ce.

Ga yadda muka sayi kayanta. Na farko, ƙwaƙwalwar na'ura. Na buga wa Nadiya waya, ta ce, "Baba, wasiƙu za ku rubuta ko duniyar wata za ku tafi? Sayi ƙarama, wadda ke haska hoto da kanta, ka huta da sayen wani abu daban." Jama'a, ranar mun yi hira har shayina ya huce. Ni da ita! Mu da muka saba "Lafiya? Lafiya. Sai an jima."

Na biyu, ma'ajiya. Ta ce kada in kuskura in sayi tsohon faifai mai juyawa, in sayi sabon nan mai kama da ɗan cingam. Da ya iso, abokina Gus Sigurdson ya juya shi ya ce, "Kai tsoho, an cuce ka. Ina sauran?" Na sake buga mata. Ta yi dariya har da tari, irin dariyar uwarta sak.

Na uku, akwati. Mafi araha a kantin shi ne na masu wasan kwamfuta, mai gilashi da fitilu. Kwamiti ya ɗaga hannu, kamar yadda muke yi ko tsintsiya za mu saya, araha ta yi nasara. Sai kuma man da ake ɗiga wa ƙwaƙwalwar don kada ta yi zafi. Ɗigo ɗaya ake so, kamar ƙwayar wake. Na juya ɗaukar tabarau, kafin in waiwayo Gus ya shafe ta kaf kamar burodin safe! Na ce, "Gus, ci za ka yi?" Ya ce, "Rowa ce ba na so." Wannan ma ya ba ni dalilin waya, kuma har gogewar tana kan layi.

To ga abin da ya hana ni sukuni. Kowane ƙarfe a cikin akwatin nan kiran waya ne. Yau an gama haɗawa. Gobe in na buga, in ce mata me?

Na ga shugaba tana duba agogo, abincin kuma yana hucewa. Gus, taso. Yaye mayafin. Danna, amma a hankali, ba ƙararrawar coci ba ce.

Ta kama! Jama'a, ta kama! Ku dubi fanka tana juyawa! Shuɗi, ja, ga kore! Ofishin dattawa ya koma gidan rawa! Lorraine, riƙe mini sandata, tafi zan yi!

Saboda haka ina gabatar wa kwamiti buƙata: a sayo firinta. An tabbatar mini babu na'urar da ta kai ta lalacewa, kullum da sabuwar rigima. A ba ni ita, ni zan kula da ita. Hannu sama! Madalla, har magajin gari.

Allah ya albarkaci wannan taro, ya ƙara wa masu ciwo sauƙi, ya mai da kowa gidansa lafiya a kan ƙanƙarar nan, ya tsare waɗanda ke kan hanya da waɗanda ba su samu tasowa ba. Nadiya dai ba ta zo ba. Gus, miƙo mini hulata, ka zauna a kujerar.

Na gode.